Gwaggo Hajo a sadakar bakwai

Daren Alhamis, tara ga watan Safar, Danwarai.

Yau anka yi sadakar bakwai ta Kaka, har yanzu raina a ɓace yake. Gwaggo Hajo ta iso daga Jega da hantsi, tun daga zaure take rusa kuka kamar ita tay yi jinya. Shekara huɗu rabonta da gidanga. Har da gaya wa mata wai uwarta da kanta take sa zare ga allura. Tsohuwar da idonta ya rufe tun damina uku, ni ka jan sandarta zuwa gonar albasa don ta taɓa ganye da hannu.

Da anka ce jikoki su yi wasan kaka, su kwaikwayi mamaciya, sai anka turo ni, tunda ni Kaka take kira maigida. Na ɗaura zanenta, na duƙa ina lalube, kowa na dariya. Sai na lalubo fuskar Gwaggo, na ce da muryar Kaka, "Wagga baƙuwa ɗiyar wa ce? Ku ba ta ruwa, ta yi ɓatan hanya."

Dariya ta tsaya. Gwaggo ba ta ko ci tuwo ba, ta tafi. Baba ya ce ba ni da kunya, gobe in bi ta Jega in ba ta haƙuri.

Zan je, don Baba. Abin da ke cina shi ne Kaka ba za ta taɓa faɗa mata haka ba. Ita da ko mota ta ji sai ta ce, "Maigida, leƙa mini ko Hajo ce."