Matar da Ke Nuna Mana Hanya

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ina cin abinci sosai.

Aikin tasi na tafiya, alhamdulillahi. Akwai wata manhaja a cikin waya mai muryar mace da ke gaya mana hanyar da babu cunkoso. Ana ta raɗe-raɗin wani babban kamfani zai saye kamfaninta, shi ne direbobin garejinmu kowa ya ruga sayen hannun jari. Wani direba, Dogo, ya sayar da nasa ranar da ta kai shi titin da aka toshe, wai wadda ba ta san hanya ba ba za ta riƙe masa dukiya ba. Bayan kwana biyu farashi ya tashi. Yanzu gaba yake yi da ita.

Ni ma na sayi kaɗan da kuɗin rigar sanyi. Kar ki gaya wa Inna, cikin motar akwai ɗumi. In Allah ya sa abin ya yi albarka, tikitin gida ne.

Jiya na rubuta wa matar wayar sunan unguwarmu ta gida, ta ce ba ta ga hanya ba. Na ce bar shi, wannan ni na sani.

Ku sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta