Gurbin 'Yan Zoza

Laraba da dare, Rogo

Tuwon ma na kasa ci. Sati uku ina yi wa ɗalibaina 'yan Zoza tsawa, wai ƙauyanci ne ya hana su buɗe darasi a kwamfuta. Ni da aka haifa a ƙauyen Kwanyawa!

Yau abokiyar aikina Malama Hadiza ta duba kwamfutocin ta ce, "Malam, kwamfuta ashirin da huɗu ka jona da taka kai tsaye, ita kuwa ashirin take ɗauka a lokaci guda. Su wa ke zuwa a ƙarshe?"

Su ne mana. Daga nesa suke tahowa a keke, kafin su zauna gurbi ya cika.

Ko sau ɗaya ba su musa min ba, sai dai su ce, "Yi haƙuri, Malam." Gobe a gaban aji ni zan ba su haƙuri.