Sunan Da Baba Ba Ya Faɗa

Kwarbai, Zariya
4 ga Maris, 1988

Ƙanena Ja'afaru,

Bayan gaisuwa, na ga hotonka a jarida ka dafa injina na ɓarar gyaɗa, wai kai ka ƙirƙiro shi. Shekara huɗu ina ƙona hannu a maƙera kafin ya daina fasa ƙwaya. Zane kawai na ce ka yi, ka kai takardar rajista Legas tunda kai ka yi boko. Ina sunana? Ka ba ni amsa, ban son dogon Turanci.

Wassalam,
Yayanka Zailani

Legas
19 ga Maris, 1988

Yaya Zailani,

Ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri, ofis ba maƙera ba ce, da shaida ake aiki. Lauyana ya zo har zauren gida ya tambayi Baba wa ya yi injin. Baba ya ce na yaran nan ne. Da aka nemi suna, nawa ya ambata, ya sa hannu. Ban ƙara ko harafi ba. In kana da ja, kotu a buɗe take.

Naka cikin ladabi,
Ja'afaru

Kwarbai
2 ga Afrilu, 1988

Ja'afaru,

Salama. Amma kai mugu ne! Ni ɗan fari ne, ka san tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba, kunya ba ta barinsa. "Wancan" yake cewa, ko a gaban Liman. Shi ya sa ka turo baƙo ya tambaye shi, kana zaune a mota ka ƙi shigowa. Umma ta gan ka ta ƙofa. Na shigar da ƙara, an ce sai Baba ya zo ya faɗi sunan mai injin da bakinsa.

Zailani

Kwarbai
11 ga Mayu, 1988

Ja'afaru,

Baba ya ce zai je. Jiya na wuce ta bayan ɗakinsa na ji yana gwada faɗin sunana shi kaɗai, ya kasa ƙarasawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba zan tsayar da tsoho gaban jama'a a kan wannan ba. Na janye ƙarar.

Riƙe takardar. In ka zo sallah ka gaida su, kada ka biyo ta maƙera.

Ka huta lafiya,
Zailani