Na Kira Sunan 'Yar Farina

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ya Alhaji da yara? Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ya zaman Fatakwal? Mu nan Tsiga alhamdu lillahi, ana ta girbin masara.

Ranar Talata wasu mata masu bincike kan zaman iyaye da 'ya'ya suka zo asibitinmu. Ɗaya ta tambaye ni, "Idan abu ya dami 'yarki ta fari, wa take gaya wa?" Wallahi Yaya, ban sani ba. Shekara goma sha huɗu ina kunyar 'yar fari, ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke".

Da na koma gida na tarar da ita tana ɓarar masara. Na ce, "Safiya, zo ki zauna kusa da ni." Sai ta waiga tana neman wanda ya kira ta. Daga nan ta fashe da kuka. Ashe wata biyu ke nan tana fama da ciwon mara, ta rasa wanda za ta gaya wa.

Surukata ta ce ba ni da kunya. Ta yi ta faɗa, ni dai ba zan fasa ba.

Ki gaida mutan gida. Ki sa mu a addu'a, ni da Safiya. Kin ga, har a takarda na rubuta sunan.

Ƙanwarki,
Rabi