Jar Ƙasa a Kan Baƙa

Kabwe, watan Oktoba

Maman Lombe,

Gaisuwa da kewa. Ya nauyin jiki? Ya Lombe, ciwon kan ya sauka? Ki gaishe min da Mama da duk mutanen Mkushi.

Kin ce kin gaji da gidan iyaye, a ɗakinki kike so ki haihu. Ƙara haƙuri. Masu gyaran fili sun iso layinmu. Doka ta ce su kwashe baƙar ƙasar da gubar dalmar tsohuwar mahaƙar ma'adinai ta ɓata, su zuba sabuwa, sannan maigida ya dangwala yatsa cewa an gama. Su kuwa jar ƙasa suka barbaɗa a kan baƙar, kamar mai yayyafa gishiri. Kafin yamma kajinki sun tone, baƙar ta fito tana ƙyalli. Na ƙi dangwalawa.

Na san ki da kwaɗayin ƙasa idan kina da ciki. Lokacin da kike da cikin Lombe, gindin katanga kike ɓantara a ɓoye, kina zaton ban gani ba. Kada ki taso.

Naki,
Katongo

Kabwe, watan Nuwamba

Maman Lombe,

Da fatan kun tashi lafiya. Ni ƙalau, sai dai unguwa ta juya min baya. Sai kowane gida ya dangwala za a ce layin ya tsarkaka, a ba da izinin gina kasuwa a filin baya. Ni kaɗai na rage. Mata a bakin famfo Shugaban Kaji suke kirana.

Jiya Baba Chisala mai unguwa ya zo har ƙofa. Ya ce, "Kai yaro, saboda kaji za ka hana mutane kasuwa? Yanka su mu ci da tuwon nshima, ƙasa ta kwanta!" Na ce, "Baba, Lombe ma tono yake yi. Shi ma yankawa za a yi?" Ya tafi ko sallama babu.

Naki,
Katongo

Kabwe, watan Disamba

Maman Lombe,

Barka da sauka! Saƙon ya same ni a bakin aiki, na zauna a ƙasa ina dariya kamar zautacce. Ya jikin, ya jaririyar?

An sace kajin duka. Ban yi cigiya ba. Fartanya na ɗauka, kullum da safe ina tone ƙofar gida yadda mai wucewa zai ga baƙar ƙasar. Gida biyu sun tona nasu, sun gani, yanzu ba sa dariya. Masu gyaran ba su dawo ba tukuna. Ina nan, ba inda za ni.

Mama ta aiko cewa cibiyar jaririya a gidan uba ake binne ta, haka aka gada. Na sani, tawa ma tana nan gindin mangwaro. Amma ki roƙe ta ta binne wannan a Mkushi. Idan yarinyar ta girma ta tambayi dalili, ni zan ba ta amsa.

Mijinki,
Katongo