Dakta Yasir, In Malam Ya Zo Ranar Alhamis Kar Ka Taɓa Masa Wuya

Zuwa ga ɗana Dakta Yasir,
mai iyada, wato ƙaramin asibitin gyaran ƙashin baya da ke Kurayyat, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Ya Hajiyarka da ƙafar tata? Ya maijego da 'yar jaririya? Allah ya raya mana ita. Ni ce Maman Nura ta Sa'alaba, matar Malam, dattijon nan mai aiki a sito a tashar jiragen ruwa, wanda kake ce wa Ammu, wato baffa. In ka manta fuskata ai ba ka manta masata ba, ni ce mai aiko muku masa da miyar taushe a kula.

Ka yi haƙuri da na saka wannan a guruf ɗinmu na Hausawan Jidda ban ja ka gefe ba. Na je iyada, mutumin gaban tebur ya ce kana cike in dawo bukra, na dawo washegarin ya ce sai da mau'idi, wato sai an yanka min rana. Kuma dai a guruf ɗin nan na yi ta yabonka har mata suna tsokanata wai biyana kake yi. Tunda a gaban jama'a na yi yabo, wannan ma gara jama'a su ji. Ka taɓa ce min kana jin Hausa, mayarwa ce ke ba ka wuya tunda a nan aka haife ka, iyayenka kuma daga Sudan suka zo. To ka karanta a hankali, inda ta shige maka ka kai wa Hajiya. Ni ma ban yi nisa a boko ba, yadda nake magana haka nake dannawa.

Bari in fara da alherinka, yaba kyauta tukwici. Lokacin da muka fara zuwa wajenka Malam ba ya iya ruku'u. Shekara da shekaru yana ɗaukar kaya a tasha, buhu, kwali, duk abin da jirgi ya sauke, har ƙugunsa ya ƙage. A kan kujera yake sallah, mutumin da ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi. Ka duba shi, ka danna, ka koya masa miƙe-miƙen nan da yake yi a kan tabarma jikoki suna masa dariya, ka hana shi ɗaga kaya a sunkuye. Ranar da ya fara kai goshinsa ƙasa ba nishi, a ƙofar kicin na tsaya ina share hawaye da gefen mayafi. Wannan ba zan manta maka ba har in koma ga Allah.

To ga abin da ya faru, kuma ina kyautata zaton har yanzu ba ka sani ba, don Malam ya hana a faɗa maka, wai kar ranka ya ɓaci.

Bayan babbar sallar nan ya tashi da ciwon wuya, amma ba irin wanda ya saba ba. Gefe ɗaya ne, daga ƙeya ya haura kai, ya ce kamar ana soka masa ƙusa. Na lura in ya miƙe sai ya dafa bango. Rannan ina miƙa masa shayi ya kai hannu gefen kofin, wai kofi biyu ya gani. Na ce Malam mu je mustashfa, babban asibiti. Ya ce mustashfar me, su rubuta takarda ta je hannun kafili, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, a ce ya tsufa a sallame shi? Shi dai Yasir zai je ya yi masa ƙas ɗaya a wuyan, halas, an gama.

Muka zo. Ka san tsarin wajenku, maza ta dama, mata ta hagu, gilashi mai duhu a tsakani. Na zauna ɓangaren mata da jakata a cinya, magungunansa duk suna ciki, shi ya shiga. Daga baya ya ba ni labarin yadda kuka yi. Ka ce Ammu kef halak, wato ya kake, ya ce alhamdulillahi. Ka ce ina ke ciwo, ya nuna wuya. Ka ce akwai wani abu kuma, ya ce babu, da sauƙi. Sai ka kwantar da shi ka juya wuyan. Har inda nake na ji ƙarar, na ma ce madalla ƙashi ya koma gurbinsa, don mu haka muka ɗauka ƙarar take nufi.

Muna komawa gida, ko la'asar ba a kira ba, ɗaki ya fara juya masa. Ya yi amai, harshensa ya yi nauyi. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi a gaban yara ba, kuma sunan bai fita daidai ba. Babban ɗanmu Nura ya sa shi a mota sai mustashfa. Suka tura shi cikin na'urar hoton nan mai kamar rami. Likitar da ta duba shi, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta ce jijiyar jini da ke bi ta wuya zuwa kai ce ta ɗan tsage daga ciki, jini ya daskare ya tare hanya. Allah ya taƙaita, shanyewar ɓarin jikin da ta fara kama shi ba ta zauna ba. Bakinsa ya dawo, ƙafarsa ta dawo, yanzu yana shan maganin tsinka jini.

Ka saurara da kyau, ku ma 'yan guruf ku saurara, kar wata ta ɗauki maganar ta kai gaba a karkace. Ban ce Dakta Yasir ne ya tsaga jijiyar Malam ba. Na tambayi likitar ƙiri-ƙiri, ta ce ba wanda zai iya rantsuwa. Ta ce mai yiwuwa tun a gida ta fara tsagewa, ita ce ma ta kawo ciwon wuyan da ganin kofi biyu. Mai yiwuwa kuma juyawar ce ta jawo, ko ta ƙara. Ta ce abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Amma ta ce duk wanda ya zo da irin alamun nan ba juya wuya ake masa ba, mustashfa ake tura shi a guje. To nan ƙorafina yake, ɗana. Alamun suna nan, a bakina suke, ni kuma ina zaune bayan gilashi ba wanda ya tambaye ni.

Na ɗaya. Kai jininmu ne amma ba ka zauna da tsofaffinmu sosai ba. Dattijon Bahaushe ba ya zama gaban ɗan cikinsa yana lissafa ciwo, kunya ce a wajensa. Ga kuma tsoron aiki, duk wanda iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ke hannun wani ya san abin da nake nufi, jiri ma ɓoye shi ake yi kamar kayan sata. Irin su Malam sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Kana jin jiri? Ka taɓa ganin abu biyu? Hannu ya taɓa yi maka sanyi? Ciwon kan nan irin na kullum ne ko sabo ne? Wane magani kake sha, ina kwalinsa? Ko a haka ma zai iya ce maka babu. Shi ya sa nake roƙo, in dattijo ya zo da matarsa, ka leƙo ka tambaye ta, ko ka bari ta shigo da abayarta ta zauna a gefe. Mu muke ganinsu suna dafa bango. Mu muke wanke abin da suka yi amai a ciki.

Na biyu. Ba ka faɗa masa juya wuya yana da haɗari ba, ko da ɗan kaɗan ne. Da aka yi wa matar Nura tiyatar haihuwa sai da suka zaunar da mu suka ce ga amfani, ga abin da ka iya faruwa, kun yarda? Ba mu gudu ba, sai ma muka ƙara yarda da su. Kai ma ka riƙa faɗa, da Larabci mai sauƙi ko da gurguwar Hausarka, ai muna ganewa. Kuma na san kana da wasu hanyoyin masu laushi, na ga irin yadda ka lallaɓa ƙugunsa. Ka ce ga wannan ga wannan, mutum ya zaɓa, wuyansa ne.

Na uku, allon nan na bangon ɗakin jira. An jera cututtuka, har da hawan jini, asma, da kukan jarirai. Malam yana karanta Larabci tsaf, ya ga hawan jini a ciki, shi ke nan ya fara tsallake ƙwayarsa wai ai Yasir yana gyara shi daga tushe. Ni ban gane ba sai da na ga wata ya ƙare magani bai ƙare ba. Na tambayi likitar mustashfa wannan ma. Ta ce ciwon baya kam akwai shaidar irin aikinku yana taimaka wa mutane, amma hawan jini da asma ita ba ta san wata hujja mai ƙarfi ba. Ni ba likita ba ce, ban san wa ya fi wani karatu a cikinku ba. In kana da hujja ka fito da ita, mu ma mu ƙaru. In babu, don Allah ka sauke allon. Abin da ka iya ya ishe ka suna, kuma ba abin kunya ba ne likita ya ce wannan ba nawa ba ne, je ka wajen wane.

Na huɗu gajere ne. Da kuka gama, ma'assalama kawai aka ce mana. Da an ce in kun ga jiri ko amai ko baki ya yi nauyi ku ruga mustashfa, da ba mu tsaya shafa masa man zafi muna cewa zai wuce ba. Wannan maganar ba ta cin lokaci, kafin mutum ya gama sa takalmi an faɗe ta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna ina danna waya har babban yatsana ya yi tsami. Malam ya karɓi mau'idi a wajenku ranar Alhamis ɗin nan. Wai wuyansa ya yi tauri. Likita ta hana a juya shi, ta maimaita a gabansa, ya ce to to, muna fitowa ya ce ita jiya ta san shi, Yasir ne ya tashe shi daga kujera. Na yi magana, Nura ya yi, na kai ƙara wajen limamin masallacinmu shi ma ya yi. Duk ya ce mana to. Na san to ɗin Malam, shekarunmu tare ba kaɗan ba ne. Zai zo. Zai sa farar jallabiyarsa, ya fesa turare, ka ce Ammu kef halak ya ce alhamdulillahi, da sauƙi. Ba zai ce maka ya kwanta a mustashfa ba, ba zai ce yana shan maganin tsinka jini ba. Maganarka kaɗai yake ji a kan jikinsa, ni tawa ta koma kamar ƙarar fanka.

Saboda haka ga roƙona. Kar ka taɓa masa wuya, ko ya roƙe ka, ko ya rantse lafiyarsa ƙalau. Ko ƙugun ma kar ka danna sai ka ji ta bakin likitarsa. Amma kar ka kore shi, kar kuma ka kunyata shi a gaban ma'aikatanka, don yana ƙaunarka kamar Nura. Ka zaunar da shi, ka ba shi shayi, ka faɗa masa da bakinka cewa wuyan nan yanzu na mustashfa ne, kuma ƙwayar hawan jini ba a tsallake ta. In daga wajenka ta fito zai riƙe.

Na san labarin wasiƙar nan zai kai masa, guruf ɗinmu ba ya riƙe ruwa. Zai yi fushi, zai ce na tona masa asiri, ya ƙi cin tuwona ya je ya sayo ful, waken nan na Larabawa, a kanti. Na yarda. Gara ya yi fushi da ni da bakinsa a daidai.

Ni ma zan zo ranar Alhamis. Zan zauna inda na saba, bayan gilashi, da takardun mustashfa a jaka da kular masarka a gefe. Ka leƙo ka kira ni kafin ka kai hannu jikinsa. In kuwa na ji ƙas daga ciki, wallahi Yasir ɓangaren maza zan shigo, sai dai mai gadi ya yi haƙuri.

Allah ya sa wa hannunka albarka, ya tsare ka da kuskure, ya tsare mutane a hannunka. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya jaririya ta ga tsufanka. Ka yafe min in na faɗi abin da ya yi zafi, uwa ce ke magana.

Wassalam.

Taka,
Maman Nura, Sa'alaba.