Farin da ke gefen mangwaro

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, ke da itatuwan da kike aunawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji uku malam ya gaji da ni.

Na gode da gilashin ido, yanzu ina ganin tsufana sarai. Sai dai maganar da kika bar mini ta tsaya mini a rai. Kin ƙwanƙwasa mangwaron da marigayiya Innarki ta shuka, kin ce gara ta cinye cikinsa, a sare kafin ya faɗo kan ɗakina. Ikon Allah! Ni da na tsufa ina yanka katako ni ke roƙon a bar itace, mai binciken daji na cewa a sare.

Kin san Innarki ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. In itacen ya tafi, me zan riƙa kallo?

Naki,
tsohon kafinta

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Itacen nan ba zai ƙetare damina ba, ni kuwa uba ɗaya gare ni.

A ofis muna jera tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama, mu ga inda daji ya ragu. Na nemo unguwarmu a wani na lokacin da Inna ke raye, na buga maka. Koren nan mangwaronmu ne. Duba farin da ke gefensa.

Kafin a sare zan yanki reshe in haɗa shi da ƙaramin dashe. 'Ya'yan da zai yi irin na Inna ne sak.

Ka huta lafiya,
Autarka

*

Auta,

Gaisuwa da sa albarka. Na sa gilashin. Farin nan zanin gadonta ne, da take shanyawa a kan katakona kullum muna faɗa. Ashe ta tsere wa mai hoto na ƙasa, na sama ya ritsa ta.

Ɗigon da ke tsaye kusa da zanin, kada ki kuskura ki ce mini randa ce. Na riga na yi wa hoton firam na katako.

Zo da wuƙarki ki yanki reshen. Zarto kuwa nawa ne, ba mai sare itacen nan sai ni.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki